Mun Je Gaya, Mun Ga Kogi da Giginya

  

A cikin sanyin nan mun yi tafiya zuwa Gaya, cikin jahar Dosso. Mun kwana uku muna yawo bakin kogi da cikin giginya. Gani ya kori ji. Abin da muka gani shi muka kawo muku, don ku karanta, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna. Magana ce ta daji da ruwa, da yadda gari zai shirya tsaronsu tun ba su ƙare ba.

Ina ne Gaya?

Daga Dosso in ka miƙi hanyar kudu, za ka yi wajen kilomita 150 kafin ka isa Gaya. Tun a hanya za ka ga ƙasa tana sakewa. Itatuwa suna ƙara tsawo. Ga kaɗanya, ga ɗorawa, ga ƙirya, ga kuka. Duk faɗin Nijar babu inda ya kai Gaya samun ruwan sama. A shekara ana samun wajen milimita 800, wato kusan ninki biyu na abin da Tawa ke samu.

Garin yana bakin kogin Kwara, wanda Zabarmawa da Dandawa ke kira Isa. Ƙetaren kogi ƙasar Benin ce, ga garin Malanbil kana hange. Gabas kaɗan kuma Nijeriya ce, wajen Kamba. A kasuwar Gaya za ka ji Dandanci, da Hausa, da Zabarmanci, da Fillanci. Kyangawa ma suna nan, su ne tsofaffin mazauna ƙasar.

An gina gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a 1958, shekara biyu kafin samun mulkin kai. A 2023 aka rufe iyakar, manyan motoci suka daina hawa gadar, masu jirgin fito suka samu aiki. Ranar nan kowa ya tuna cewa kafin gada akwai kogi.

Kogin nan doguwar tafiya yake yi. Daga duwatsun ƙasar Gine yake tasowa. Ya ratsa Mali, ya shigo Nijar ya yi wajen kilomita 550, ya fita ta wajen Dole ya shiga Nijeriya, ya je ya faɗa teku. Tsawonsa duka wajen kilomita 4,200 ne.

Mu a Nijar ba mu da teku. A wasu ƙasashe masu teku, wani mai hali ko wata ƙungiya kan sayi fili a bakin ruwa, a hana farauta da sara a ciki. Sai a zauna a rubuta tsari mai kai uku: me za a tsare, me za a koya wa mutane, me za a bincika. Mu tekunmu shi ne kogin nan. Amma bakin koginmu ba na mutum ɗaya ba ne. Na manomi ne, na makiyayi ne, na masunci ne, na mata masu itace ne. Don haka tsarinmu ya fi nasu wuya. Sai kowa ya sa baki.

Rana ta farko: kan tudu

Da safe muka hau tudun da ke bayan gari, muka shiga gandun dajin Goru Basunga. Tun 1937, zamanin Turawa, aka keɓe shi. Faɗinsa ya kusa hekta dubu 10. Ku tuna, hekta ɗaya fili ne mai mita 100 a tsaye, mita 100 a kwance.

A ciki akwai geza, da sabara, da taramniya, da marke. Inda itace ya yi yawa, ƙasa tana da laushi, ganye ya rufe ta. Inda aka sare, ƙasa ta zama faƙo, ta yi tauri kamar daɓe. Ruwan sama in ya faɗi kan faƙo ba ya shiga ƙasa. Gudu yake yi. Ya haƙa kwazazzabo, ya kwashi rairayi, ya kai kogi ya zuba.

Da muka sauko bakin ruwa da maraice, mun ga inda wata ƙorama ta tara rairayi cikin kogi. Wani tsoho mai jirgi ya nuna mana wurin da sandar tuƙinsa. Muka ce, "Baba, da can haka wurin yake?" Ya girgiza kai. Ya ce yana yaro gurbi ne mai zurfi, nan manyan kifaye ke kwana da rani. Yau yara ke wasa a kai.

Wannan shi ne darasi na farko da Gaya ta koya mana. Mai gatari a kan tudu da mai koma a cikin ruwa ba su san juna ba, amma abincinsu a ƙwarya ɗaya yake. In tudu ya tsiraita, kogi ya cike.

Kada wani ya ce kogi ba ya ƙarewa. A 1985, bayan babban farin 1984, ruwan kogin nan ya tsaya cak a Yamai. Mutane suka ƙetare da ƙafa. Manyanmu sun gani da idonsu.

Rana ta biyu: Albarkaize

Kashegari muka bi hanyar yamma, kogi yana hannun hagu. Muka wuce Tara, inda ake noman shinkafa da ban ruwa, inda kuma ma'aikatar binciken noma ta ƙasa, INRAN, take da gonar gwaji. Muka wuce Tanda. Muka isa Albarkaize.

Nan kogi ya bazu. Ya yi rassa, ya yi tafkuna, ya yi fadama mai faɗi. Kogin nan sau biyu yake cika a shekara. Akwai jan ruwa na damina, wanda ƙoramun kusa ke kawowa. Akwai kuma ruwan Gine, wanda ke yin watanni a hanya, sai cikin sanyi yake isowa. Shi muka tarar. Sama babu hadari, amma ruwa ya cika fadama.

A cikin ruwan akwai ciyawar burgu. Makiyayan kogi sun san ta sarai. In ruwa ya hau, ita ma sai ta hau, tana yawo a kansa. In ruwa ya janye da bazara, lokacin da daji ya bushe ƙurmus, ita ce ke riƙe shanu. Amma ba shanu kaɗai take ciyarwa ba. Cikinta kifi ke zuba ƙwai. Cikinta ƴaƴan kifi ke ɓuya har su yi ƙarfi. Ayu ma ita yake ci. Burgu rumbun makiyayi ne, kuma ɗakin haihuwar kifi ne.

Tsuntsaye kuwa sai wanda ya gani. Ga kirinjijiya garke-garke, ga dinya, ga zalɓe, ga balbela. Akwai kuma waɗansu ƙananan agwagi da ƴan tsuntsayen bakin ruwa waɗanda baƙi ne. Daga Turai suke zuwa. In sanyin can ya yi tsanani, ruwa ya daskare, sai su taso, su ƙetare teku, su ƙetare Sahara, su sauka nan. In zafi ya fara su koma gida su yi ƙwai. Cin rani suke zuwa, kamar yadda samarinmu ke zuwa kurmi.

Saboda kifin nan da tsuntsayen nan duniya ta san da wurin. A 1971 ƙasashe suka taru a wani gari mai suna Ramsar, cikin ƙasar Iran, suka yi alkawarin tsare fadamu da tafkuna. Nijar ta shiga alkawarin a 1987. A 2001 aka rubuta wannan fadama ta yamma da Gaya cikin jerin wuraren Ramsar. A 2004 aka ƙara Dallol Mauri da Dallol Boso.

Amma takarda ba ta gadin tafki. Abin da ya sa sunan Albarkaize ya fita shi ne abin da mutanen wurin suka yi da kansu. Sun hana harbin tsuntsu. Sun ware wasu ruwaye, suka hana su a ciki na wani lokaci, don kifi ya hayayyafa. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Ku dubi Argungu, can ƙasar Kabi. Ruwan da ake bikin su a cikinsa, rufe shi ake yi, ba mai jefa koma sai ranar da aka buɗe. Shi ya sa ake fid da giwan ruwa wanda mutum ɗaya ba ya iya ɗauka. Sarkin ruwa ya san wannan tun kafin a yi boko.

A bakin wani tafki, nesa da gari, mun ga abin da ya ɓata mana rai. Wasu yara suna jan sange cikin ruwa. Sangen da aka raba don sauro, shi suka mayar koma. Abin da suka kama bai kai ɗan yatsa ba: ƴaƴan gargaza, ƴaƴan tarwaɗa, ƴaƴan kurungu, cike da ƙwarya. Yaran ba su san laifi suke yi ba. Miya suke nema. Amma wanda ya ci iri, me zai shuka?

Can gaba da Albarkaize akwai tsibirin Lete, wurin kiwon Fulani tun da daɗewa. Nijar da Benin sun yi shekaru suna jayayya a kansa. Suka kai magana kotun duniya, a 2005 kotu ta ce na Nijar ne, aka rabu lafiya. Gaba kuma akwai babban gandun namun daji da ake kira W. Kogi ne ya yi lanƙwasa a wurin kamar harafin W da kuka koya a allo. An kafa shi a 1954, ɓangaren Nijar hekta dubu 220 ne, sauran yana Benin da Burkina Faso. Wannan gandu na gwamnati ne. Da za a kafa shi, sai da Turawa suka tashi mutane daga garuruwansu. Shi ya sa mutanen kewaye suka daɗe suna ganinsa kamar kayan wani. Abin da mutum bai ɗauka nasa ba, ba ya tashi da dare don shi.

Rana ta uku: cikin giginya

Ran na uku muka yi gabas, wajen Bengu da Bana, cikin Dallol Mauri. Dallol tsohon kwarin kogi ne wanda ya daina gudu. Ruwa yana kusa, wani wuri in ka haƙa kamu kaɗan ka same shi. Ga rake, ga rogo, ga dankali, ga shinkafa, ga mangwaro. Kusa da nan kwarin Foga ya haɗu da shi, inda ake dafa gishirin Foga da kuka sani a kasuwa.

Bisa duk wannan, giginya ce tsaye, iyakar ganinka. Kurmin giginyar Dallol Mauri da bakin kogi ya kai wajen hekta dubu 30. Babu kamarsa a Nijar.

Ana yi wa giginya zambo, ana cewa na nesa ka sha inuwarta. Manomin Gaya bai yarda zambo ba ne. Da yake inuwarta can nesa take faɗuwa, hatsin da ke gindinta yana samun rana. Gona ɗaya, amfani biyu: hatsi a ƙasa, giginya a sama.

Ku ƙidaya abin da take bayarwa. Ƴaƴanta abinci ne. Ƙwallonta in an binne ya ba da muruci. Ganyenta tabarma ne, da igiya, da rufin ɗaki. Hannuwan ganyen a yi shinge da kujera da gado. Gangar jikinta kuwa ita ce azara, wadda gara ba ta ci. Gidaje da yawa a Dosso da Yamai azarar Gaya ce ke riƙe da rufinsu.

To, ga abin da ya kamata kowa ya sani game da ita. Giginya akwai namiji, akwai mace. Mace ke yin ƴaƴa, amma ba ta yi sai da namiji kusa. Masu sara sun fi son namiji, don itacensa ya fi ƙarfi. Ƙwallo in ya tsiro, yakan yi shekaru ganyensa na ƙasa, ba shi da ganga. A lokacin nan garma na iya tuge shi, wuta na iya cinye shi, akuya na iya gwaguye shi. Kafin giginya ta isa azara mai kyau, jaririn da aka haifa ranar da ta tsiro ya yi furfurar fari. Wanda ya shuka ba shi ke sara ba. Azarar da ke kanmu yau, kakanni suka bar mana.

A wata gona mun tarar da wata dattijuwa da jikokinta suna haƙar muruci. Muka gaishe ta, ta ba mu muka ci. Muka ce, "Inna, duk ƙwallon da kuka tsinta kuke binnewa don muruci?" Ta ce da kuɗin muruci take sayen sabulu da gishiri da littafin yara. Gaskiyarta. Muruci sana'ar mata ce, ba wanda zai ce a bari. Amma kowane muruci da muka ci, giginya ce da ba za ta tsaya ba. In sama ana saran manya, ƙasa ana cinye ƙwallo, wa zai gaji wa? A wasu gonaki mun ga manyan giginyu tsaye reras, babu ƙarami ko ɗaya a tsakaninsu. Gona irin wannan kamar gari ne da babu yara.

An daɗe da ganin wannan haɗari. Dokar daji ta 1974 ta sa giginya cikin itatuwan da ba a sara sai da izini. A lokacin icce na gwamnati ne, ko da a gonarka yake. Manomi yana ganin ma'aikacin gandun daji sai gabansa ya faɗi. Wani ma in ya ga ƙaramar giginya ta tsiro a gonarsa, sai ya tuge ta a ɓoye, don kada ta jawo masa tara. Daga baya ƙasar Suwis ta fara taimakon aikin raya giginyar Dallol Mauri. A shekarun 1990 aka sake dabara, tare da ƙungiyar UICN mai kula da halittu. Aka ce garuruwa su riƙe giginyarsu. Aka kafa kwamitocin gari da masu gadi daga cikin ƴan gari. Aka buɗe kasuwannin azara, gari yana samun rabonsa cikin kuɗin. Da mutane suka ga amfanin yana shigowa gida, sai suka fara barin ƙanana suna girma.

Amma aikin taimako baƙo ne, kuma baƙo raɓa ne. Yakan zo, yakan tafi. Mai gari shi ke zama. Don haka tambayar ita ce: in babu mota, babu farfajiya, babu kuɗin zama, gari zai iya riƙe tsarinsa?

Murhu duwatsu uku

Mun ce tsari kai uku gare shi: tsaro, koyarwa, bincike. Kamar murhu ne. In ka cire dutse ɗaya, tukunya ta kife. Ba a iya yin kome da kome rana ɗaya. Sai a san abin da za a sa gaba. Ga yadda muka gani.

Dutse na farko: tsaro. A fara da ƙanana. Babban icce yana da mai kallonsa, babban kifi yana da mai nemansa. Ƙaramin ne ba shi da kowa. Gari ya zauna ya yanke shawara kan abu huɗu.

Ɗaya, kowane mai gona ya bar ƴan giginya su tashi, ya kafa musu alama don mai garma ya gani. Mai binne ƙwallo don muruci ya ware kaɗan ya bar wa ƙasa. A kan tudu kuma a yi sassaben zamani, wato a bar toho mai ƙarfi a kututture, a gyara shi ya zama icce. Manoman Maradi da Damagaram sun yi haka tun shekarun 1980, suka mayar da itatuwa miliyoyi cikin gonakinsu ba tare da dashe ba.

Biyu, a ware ruwan da ba a su a cikinsa lokacin da kifi ke ƙwai. A hana sange, a hana koma mai ƙananan idanu, a hana zuba magani a ruwa.

Uku, a bar wa burgu wurinsa. Shinkafa abinci ce, amma in ta cinye fadama duka, shanu su rasa na bazara, kifi ya rasa ɗaki. Burgu ana dasa shi. A yanka karansa, a danna cikin laka lokacin da ruwa ke janyewa, sai ya kama.

Huɗu, a bar burtali da mashaya a buɗe. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun tabbatar wa makiyayi hanyarsa da wurin shan ruwan bisashensa. Akwai kwamitocin ƙasa da aka kafa don irin wannan magana. Ranar da za a zauna shawara a kira arɗo, a kira sarkin ruwa, a kira sarkin noma, a kira shugabar mata. Dokar da aka yi ba da makiyayi ba, ranar da ya iso da garke ta karye. Ba don mugunta ba. Ba a yi da shi ba ne.

Dutse na biyu: koyarwa. Yaran nan masu sange ba tara suke bukata ba, bayani suke bukata. Malamin makaranta ya fito da yara daga aji ko sau ɗaya a wata. Ya kai su bakin ruwa, tsohon masunci ya faɗa musu sunan kowane kifi da lokacin ƙwansa. Ya kai su gona, su koyi bambanta giginya namiji da mace. Ran 3 ga watan Agusta, ranar bikin dashen itace, kowane yaro ya binne ƙwallonsa, ya san wurin, ya riƙa dubawa. Liman ya yi wa'azi kan ɓarna. A cibiyar yaƙi da jahilci a karanta dokar gari da harshen da mutane ke ji. Baƙin makiyaya da baƙin masunta kuma, ranar da suka sauka a gaya musu dokar wurin, kafin a kama su da laifi. Ma'aikacin gandun daji ya zo da bayani kafin ya zo da takardar tara.

Koyarwa ba daga sama kaɗai take saukowa ba. Tsofaffin nan sun san abin da babu shi a littafi. In suka tafi ba a rubuta ba, ya tafi ke nan.

Dutse na uku: bincike. Kada kalmar ta ba ku tsoro. Bincike shi ne dubawa da ƙidaya da rubutawa. Abin da ba a ƙidaya ba, ba a sanin ya ragu sai ya ƙare.

Ga misali. Raƙuman dawa na Kure, kan hanyar Yamai zuwa Dosso, su ne suka rage a duk Afirka ta Yamma. A 1996 aka ƙidaya su, aka samu 49 kacal. Ƙidayar nan ce ta tada kowa. Aka riƙa ɗaukar hoton kowane ɗaya, don zanen jikin wani ba ya kama da na wani. Aka haɗa kai da mutanen garuruwan wurin. Bayan shekara 20 suka wuce 500. Da ba a ƙidaya ba, da sai dai labari.

Akwai masana a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da INRAN. Akwai hukumar kogin Kwara ta ƙasashe 9, mai mazauni a Yamai, tana auna hawan ruwa da saukarsa. Amma masani yakan zo kwana biyu ya koma. Kai ne kake nan kullum.

Littafin gari

Nan ne maganar ta zo kanku, ku da kuka koyi karatu da rubutu. Kowane gari ya sayi littafi ɗaya da alƙalami. A ba mutum biyu ko uku amana, har da mace. Ga abin da za a riƙa rubutawa:

A kafa sanda a bakin ruwa, a yi mata zane. Duk ranar kasuwa a rubuta inda ruwa ya kai.

Bayan girbi kowane mai gona ya ƙidaya giginyarsa: maza nawa, mata nawa, ƙanana nawa. A rubuta. A rubuta nawa aka sara, da wanda ya ba da izini.

A rubuta irin kifin da ake kamawa kowane wata, da wanda aka daina gani.

A rubuta ranar da baƙin tsuntsaye suka iso da ranar da suka tashi. In an tsinci tsuntsu da zobe a ƙafa, kada a yar. Akwai lamba a jiki. Masana na wata ƙasa suka sa, don su san hanyarsa. A kwafe lambar, a kai wa ma'aikatan gandun daji.

A rubuta inda baƙuwar ciyawa mai shuɗin fure take rufe ruwa, da inda kacalla take cinye tafki.

A rubuta ranar da garke ya shigo fadama da ranar da ya fita, da duk sulhun da aka yi tsakanin manomi da makiyayi.

A rubuta kuɗin da ya shiga asusun gari da abin da aka yi da shi. A karanta a bainar jama'a. Kwamiti da yawa ba gatari ya kashe su ba, zargi ne.

Shekara ɗaya littafin ba zai ce kome ba. Shekara biyar zai fara magana. Ranar da gardama ta tashi, wani ya ce kifi ya ragu, wani ya ce ƙarya ne, sai a buɗe littafi. Ranar da baƙo ya zo da sabon aiki, ba shi zai faɗa muku halin ƙasarku ba. Ku za ku faɗa masa.

Abu ɗaya ya rage. Kifi ba shi da katin ɗan ƙasa. In mutanen wannan gaɓa sun rufe ruwa, na waccan gaɓa suna ja da sange, wahala ce kawai. Amma mutanen Gaya da Malanbil da Kamba dangi ne. Suna auren juna, suna cin kasuwar juna, suna zuwa jana'izar juna. Sarakunan ruwa na gaɓa biyu suna iya zama kan tabarma ɗaya su sa rana ɗaya.

Ku tattauna a cibiyarku

Wataƙila garinku babu kogi, babu giginya. Amma akwai tafki, ko fadama, ko goruba, ko gawo. Ku zauna da malaminku ku amsa waɗannan:

1. Wane icce, ko kifi, ko ciyawa kakanninku suka sani, wanda yau babu shi?
2. A gonarka, itatuwa ƙanana sun fi manya yawa, ko manya sun fi?
3. In za a yi dokar daji a garinku, wa da wa ya kamata a kira?
4. Wa zai riƙe littafin gari?

Ku rubuto mana amsarku da hannunku. Kada ku ji kunyar kuskure, da haka kowa ya fara. Za mu buga wasiƙunku.

Da za mu baro gonar dattijuwar nan, mun ga ƙaramin jikanta ya ɗauki ƙwallo ɗaya ya kai gefen kunya. Ya haƙa rami da hauya, ya binne, ya kafa kara a kai. Kakarsa ta ce masa wannan ba na ci ba ne, kada kowa ya taɓa. Allah ya raya yaron, ya raya abin da ya binne.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.